Sayen Babur na Farko: Abin da Ya Kamata Ma'aikaci Ya Sani

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya hauhawa ƙwarai, har ma'aikata da yawa suka fara shawarar sayen babur domin zuwa wurin aiki. Dabara ce mai kyau, amma sai an yi ta da lura.

Abu na farko shi ne doka. A watan Yuli na shekarar 1432 ta Hijira, wato 2011, Gwamnatin Jihar Borno ta hana hawan babur a Yerwa da Jere, saboda masu ta da ƙayar baya suna kai hari a kansa. Masu babura suka jingine su, Keke NAPEP ya maye gurbinsu. Saboda haka wajibi ne mutum ya san dokar garinsa kafin ya biya kuɗi.

Na biyu shi ne lissafi. Mai saye ya tara abin da yake biya na mota a wata, ya cire kuɗin fetur, baƙin mai, taya da gyara. Abin da ya rage shi ne ribarsa. In ribar ba za ta mayar da kuɗin babur cikin 'yan shekaru ba, gara ya haƙura.

Na uku, lamba da lasin da inshora tilas ne. Haka kuma hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya ta tsananta dokarta tun 1 ga Janairu, 2009. Kuɗin asibiti na kwana ɗaya yana iya cinye tanadin shekara. Rigakafi ya fi magani.