Kafin a Yi wa Kwamfuta Formatin, a Fara Gwada Ram

A shagunan buga takardu da cike fom na Talata Mafara, da ɗakunan ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, har zuwa ofisoshin Bakura da Maradun, akwai wata larurar kwamfuta da duk mai aiki da ita ya sani. Ana tsakiyar aiki sai allo ya rikiɗe ya koma shuɗi, wasu kalmomin Turanci su bayyana, na'urar ta mutu ta sake tashi da kanta. Wani lokaci kuma ta sandare, linzami ya ƙi motsi, sai an danne makunni an kashe ta da ƙarfi. Idan aka kai wa mai gyara, hukuncin da aka fi ji guda ne: "Bairos ne, sai an yi formatin." A goge komai, a ɗora sabuwar Windows, a biya kuɗi, bayan mako biyu shuɗin allo ya dawo. A ganina an juya tsarin ne. Goge kwamfuta shi ne matakin da ya fi kowanne tsada da hasara, don haka shi ya kamata ya zo a ƙarshe. Abin da ya cancanci a fara da shi shi ne gwajin ram, wanda kyauta ne kuma ba ya taɓa takarda ko ɗaya.

Manomin shinkafa a fadamar Bakolori zai fahimci ram cikin sauƙi. Faifan ajiya na kwamfuta kamar rumbu yake: abin da aka zuba yana nan ko an kashe wuta. Ram kuwa ita ce tabarmar da ake baza hatsi a kai lokacin aiki. Duk abin da kwamfuta za ta sarrafa, rubutu ne ko hoto ko ita kanta Windows, sai an ɗebo shi daga rumbu an shimfiɗa a kan wannan tabarma, in an gama a mayar. Sandar ram mai gigabait 8 tana ɗauke da ƙananan gurabe fiye da biliyan 64, kowanne yana riƙe da ɗigon caji da ke nufin sifili ko ɗaya, kuma cajin yana zurarewa, shi ya sa ake sabunta shi wajen sau goma sha biyar a kowace daƙiƙa. Gurbi ɗaya tak ya lalace, ya mayar da ɗaya sifili, ya isa ya rikita lissafi. Idan abin da ya faɗa gurbin ɓangaren hoto ne, mai yiwuwa ba wanda zai lura. Idan umarnin Windows ne, kwamfuta ta faɗi. To wanda ya kwashe rumbu ya share ya sake cikawa, alhali tabarmar ce ta huje, me ya gyara? Har ma akwai abin da ya fi haka muni: takardar da ta bi ta gurɓataccen gurbi tana iya komawa rumbu a lalace, sai ranar da ɗalibi ya zo buga kundin bincikensa ya tarar ya ƙi buɗuwa.

Kada a ɗauka wannan matsala ta tsofaffin na'urori ce kawai. A shekarar 2009 Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto da wasu injiniyoyi biyu na Google sun wallafa binciken da suka yi a kan manyan kwamfutocin kamfanin na tsawon shekara biyu da rabi. Sun gano cewa fiye da kashi 8 cikin 100 na sandunan ram suna samun kuskure a kowace shekara, kuma galibin kurakuran daga lalacewar dindindin suke, wadda ke maimaita kanta. Kwamfutocin Google suna amfani da wani nau'in ram mai gano kuskure ya gyara shi nan take. Laftof ɗin da ke hannun ɗalibi a Mafara ba ta da wannan gata, kuma mafi yawan lokaci ta hannu ce, ta riga ta yi shekaru tana aiki a Turai ko Amurka kafin ta biyo ta Legas ko Kano ta iso nan. Ko Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri manhajar Linux, a watan Oktoban 2022 kwamfutarsa ta yi ta ba shi matsala har ya fara zargin manhajar da yake aiki a kai, sai gwaji ya nuna masa ram ce ta lalace. In mutum irin wannan zai iya ruɗuwa da alamun, babu abin kunya ga mai gyara da ya ce bari ya gwada kafin ya yanke hukunci.

Alamar ram mai matsala ita ce rashin tsari. Yau ta faɗi ana rubutu, gobe ana kallon bidiyo, jibi ba a komai. Saƙon da ke kan shuɗin allo yakan sauya: wani lokaci MEMORY_MANAGEMENT, wani lokaci PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, kuma yana da kyau a ɗauki hotonsa da waya kafin ya ɓace. Sau da yawa faɗuwar tana ƙaruwa idan an buɗe abubuwa da yawa, domin sai tabarma ta cika ake kaiwa ga inda ta huje. Alama mafi ƙarfi kuwa ita ce a zo ɗora sabuwar Windows ta tsaya a tsakiya tana cewa fayil ya lalace, a canza filash, ta sake tsayawa. Gwajin farko yana cikin Windows kanta: a rubuta mdsched a wurin bincike, a amince ta sake tashi, za ta duba ram ta ba da sakamako. Wanda ya fi shi zurfi shi ne MemTest86, manhajar da Chris Brady ya fara fitarwa a 1994, ko 'yar uwarta Memtest86+. Ana ɗora ta a filash, a tayar da kwamfuta daga kanta, ta yi ta rubuta lambobi a kowane gurbi tana karantawa don ta ga ko abin da ta ajiye shi ta tarar. Kuskure ko guda ɗaya ta nuna, akwai matsala.

Sai dai kuskure a gwaji bai nufin a jefar da sanda nan take, kuma a nan ne yanayinmu ya shigo. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, kuma laftof ɗin da ke yawo a jaka a bayan babur tsakanin Bakura da Mafara tana shan jijjiga. Sau da yawa sandar lafiyarta ƙalau, ta ɗan goce ne daga mazauninta ko datti ya hau haƙoranta masu ruwan zinare. A kashe kwamfuta, a zare waya, a cire batir in yana ciruwa. A taɓa ƙarfe da hannu tukuna, domin busasshiyar iskar hunturu da ke sa bargo tartsatsi da dare tana tara caji a jiki, kuma wannan ɗan tartsatsin yana iya kashe ram. A riƙe sandar ta gefe, a goge haƙoran a hankali da magogin fensir mai tsabta, a kakkaɓe, a mayar har maƙallan su kama. In sanduna biyu ne, a gwada su ɗaya bayan ɗaya, sannan a musanya mazauni: idan kuskure ya bi sanda, ita ce mai laifi, idan ya tsaya a mazauni guda ko da wace sanda aka sa, matsalar ta babban allon ciki ce. A kuma tambayi mai ita ko an taɓa ƙara mata ram. Nau'in DDR3 yana aiki da bolt 1.5, DDR3L kuma da 1.35, bakinsu iri ɗaya ne, amma akwai laftof ɗin da ba ta karɓar na farkon, kuma haɗa sanduna mabambanta kan jawo faɗuwa ko da kowacce lafiyayya ce.

Mai gyara zai iya cewa, ai ba kowace faɗuwa ce daga ram ba. Gaskiyarsa. Zafin Afrilu da ke haura digiri 40 tare da fanka da ƙura ta toshe, faifan ajiya da ya tsufa, cajar jabu, wutar janareta mai hawa da sauka, manhajar da aka ɗora ba daidai ba, duk suna kayar da kwamfuta. A ranar 19 ga Yulin 2024 kuskure a sabuntawar manhajar kamfanin CrowdStrike ya jefa kwamfutoci kusan miliyan takwas da rabi cikin shuɗin allo a faɗin duniya, babu ruwan ram. Amma wannan hujjar goyon bayan gwaji take yi. Tunda masu laifin da ake zargi suna da yawa, hankali ya ce a fara da binciken da ke wanke ɗaya ko ya kama shi ba tare da an rasa komai ba. MemTest86 ba ta bi ta Windows, saboda haka in ta nuna kuskure an san ba bairos ba ne, in kuma ta zagaya sau da yawa ba ta ga komai ba, zargi ya fi karkata ga zafi ko faifai ko manhaja. Na ce ya fi karkata, domin akwai lalacewar da ba ta bayyana sai na'ura ta ɗau zafi, shi ya sa zagaye ɗaya bai wadatar ba.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na wuta da lokaci. Cikakken gwaji yana cin sa'o'i, wutar gari ba ta da tabbas, man janareta da tsada, ga mai shago da layin masu cike fom ɗin JAMB, jarrabawar da ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015. Wannan matsala ce ta gaske. Amma sandar da ta lalace sosai takan tona kanta a mintunan farko, kuma laftof ba ta cin wuta da yawa, ƙaramin sola da batir na iya riƙe ta ta kwana tana gwaji. Shi ma formatin yana cin sa'o'i in aka haɗa da sake ɗora manhajoji, sannan a maimaita shi bayan mako biyu. Wasu kuma za su ce sun yi formatin ta warke. Wani lokaci manhaja ce da gaske. Wani lokaci kuma sabuwar Windows ba ta da nauyi, ba ta kai ga lalataccen gurbin ba, sai an sake cika ta da kaya cutar ta dawo, a lokacin kuma an riga an yi asarar hotuna da takardu.

Ga mai sayen laftof ta hannu ko sandar ram, lokacin gwaji shi ne kafin a biya, ko a yi sharaɗi da mai kaya cewa za a dawo da ita in gwajin kwana ɗaya ya nuna kuskure. A kuma tambaya ko ram ɗin tana ciruwa, domin a yawancin siraran laftof na yanzu an liƙe ta da dalma a jikin babban allo, kuma in ta lalace gyaranta ya wuce canza sanda, sai an nemi ƙwararre mai injin ɗaga ƙananan sassa, ko a sauya allon gaba ɗaya.