Tangarɗa da Saɓa Alkawari: Wanne Ya Fi Yi wa Cyberpunk 2077 Illa?

Ranar 10 ga Disamba, 2020, kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Folan ya saki wasan bidiyon nan Cyberpunk 2077, shekara takwas bayan an fara jin labarinsa, kuma bayan ɗage ranar fitowarsa har sau uku. Mutum miliyan 8 sun biya kuɗinsa tun kafin ya fito, don kamfanin ne ya yi The Witcher 3, ga kuma Keanu Reeves an gani a kan dandamali yana tallata shi. Mako guda da fitowarsa Sony ta cire shi daga shagonta na intanet, ta ce duk mai son kuɗinsa ya zo ya karɓa. Bai koma ba sai Yunin 2021.

Ciwo biyu ne suka kwantar da wasan, mutane kuma kan haɗa su wuri guda. Akwai tangarɗar manhaja, akwai kuma alkawuran da aka yi ba a cika ba. A ganina nauyinsu ba ɗaya ba ne.

Tangarɗa ita ce mai yawan surutu, don ido na ganin ta. A kan PlayStation 4 da Xbox One, sai ka iske mutum a titin Night City, birnin wasan, fuskarsa ba ta gama bayyana ba, mota ta nutse cikin kwalta, wani ya tsaya ƙiƙam hannuwa a miƙe kamar mutum-mutumin gona. Ana tsakiyar faɗa wasan ya mutu. A kwamfuta ma, idan fayil ɗin da ke ajiye ci gabanka ya wuce megabait 8 yana iya lalacewa, wahalar makonni ta tafi a banza. Abin haushi ne ƙwarai. Amma irin wannan wasa, wanda mutum ke shiga rigar jarumi ya zaɓa masa hali da hanya, ya daɗe yana zama da tangarɗa. A Skyrim na 2011, ƙato ya maka maka kulki ka tashi sama har gajimare, masu wasa suka mai da abin dariya, wasu ma ba su so a gyara ba. Vampire: The Masquerade – Bloodlines ya fito a 2004 a gurguje, kamfanin Troika da ya yi shi ya rufe a 2005, amma masoyansa suka ɗauki shekaru suna yi masa faci da kansu. Sun yi haka ne domin labarin da zaɓin da ke ƙarƙashin kurakuran sun cancanci wahalar.

Nan ne batun alkawari ya fi zafi. A 2018 kamfanin ya nuna minti 48 na wasan, inda jarumi V ke neman karɓo wata na'ura daga hannun 'yan daban Maelstrom. Kana iya biya, kana iya yaudara, kana iya haɗa baki da kamfanin makamai na Militech, kana iya buɗe wuta, kowace hanya da abin da za ta haifar. Jama'a suka ɗauka haka duk wasan zai kasance. Da ya fito, aikin yana nan yadda aka nuna shi, sai dai irinsa ba su da yawa. An kuma yi ta tallar asali uku da za ka zaɓa wa V: ɗan yawon hamada, ɗan titi, ko ma'aikacin babban kamfani. Kowanne gabatarwa ce gajeriya, daga nan sai a haska maka wata shida na zamansa da abokinsa Jackie Welles cikin 'yan hotuna, hanyoyin uku su koma ɗaya. Abin da ya rage na asalinka galibi 'yan kalmomi ne da za ka iya ƙarawa a hira. Ga wanda ya sayi wasan don ya ga rayuwa uku, wannan ya fi motar da ta nutse ciwo, kuma ba kuskuren na'ura ba ne, haka aka tsara shi.

A yi wa kamfanin adalci: bidiyon 2018 na ɗauke da gargaɗin cewa aiki ne da ba a gama ba, kuma tun kafin fitowa sun faɗa cewa an cire gudu a jikin bango. Wasu alkawuran ma masoya ne suka ƙirƙira wa kansu saboda ɗoki. To amma mai talla ya san tasirin abin da yake haskawa, kuma alkawari kaya ne ko da da ido aka ɗauke shi.

Lokaci ya nuna wanne ke warkewa. Faci ya bi faci, har na 1.5 a Fabrairun 2022 ya daidaita yawancin tangarɗar. Zanen Edgerunners a Netflix, wanda aka gina a duniyar wasan, ya dawo da jama'a cikin Satumban wannan shekarar. A Satumban 2023 gyara na 2.0 ya sake fasalin 'yan sanda, waɗanda a da sukan ɓullo a bayanka ko da kana kan rufin bene, yanzu suna bin ka da mota. Jirgin cikin gari da aka gani a tallan 2018 ya iso a Disamban 2023. Asalin nan uku dai suna nan yadda suke, domin faɗaɗa su na nufin sabon rubutu, sabuwar ɗaukar murya a harsuna da yawa, da warware zaren labarin tun daga tushe. Wasan haɗaka ta intanet da aka ce zai biyo baya kuwa an yi watsi da shi. Zaɓi mai nauyin gaske, na wanda za ka mara wa baya tsakanin Solomon Reed, wanda Idris Elba ya taka rawarsa, da Songbird, ya zo ne a ƙarin labari na Phantom Liberty, wanda sai ka sake biya.

Akwai inda cutukan biyu suka haɗu, kuma nan ne laifin ya fi muni. Kafin fitowa shugabannin kamfanin sun ba da tabbacin cewa wasan na tafiya da kyau a tsofaffin na'urori, amma na kwamfuta kawai aka ba masu sharhi su gwada. Masu zuba jari sun kai ƙara, aka sasanta a kan dala miliyan 1.85, Marcin Iwiński kuma, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, ya fito a bidiyo ya nemi afuwa a Janairun 2021. Masu PlayStation 4 da Xbox One, waɗanda suka fi kowa shan wuyar tangarɗar, gyara na 2.0 bai zo musu ba, Phantom Liberty ma haka.