Kaji, Zabi da Gonar Gida a Karkarar Maraɗi

A ƙauyukan gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, da ke jihar Maraɗi, da wuya a shiga gidan da ba a ga kaza tana tono a tsakar gida ba. Gona tana bayan gari, rumbu yana gefen danga, akurki yana wani lungu kusa da murhu, kuma kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Gona ta ba da gero, dusar gero ta shiga cikin kaza, kashin kaza da shara su koma gona.

Yawancin ƙasar jigawa ce, ruwan sama kuwa tsakanin milimita 400 ne zuwa 600 a shekara, kusan duka daga Yuni zuwa Satumba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum kimanin miliyan 3.4 a jihar, kuma in aka cire birnin Yamai babu inda ya kai ta cunkoso a Nijar. Rabon gado ya yanyanka gonaki, barin saura ta huta ya zama tarihi. Don haka ƙarfin ƙasa daga cikin gida yake fitowa: toka, shara, kashin awaki da na kaji, waɗanda ake kwasa a amalanke da rani a jibge tsibi-tsibi kafin ruwan shuka.

Maigida yana riƙe da gandu, inda ake noma abincin kowa, mata da samari kuma suna da gamana, ɗan filin da amfaninsa nasu ne. Gero ne uban tafiya, ana tsarma wake a tsakaninsa, a kewaye iyaka da yakuwa. Gyaɗa da riɗi na kuɗi ne, haka ma aya, wadda yankin Agye da Cadawa ya yi suna da ita. A fadamar Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri da Gidan Rumji, akwai damar noman rani. A cikin gida ma ba a barin ƙasa a banza. Kabewa da duma suna hawa danga, kuɓewa tana bayan ɗaki, zogale yana bakin makwararar wurin wanka yana shan ruwan da ba wanda ya ɗebo dominsa. Babban maƙiyin wannan ɗan lambu shi ne kajin gidan da kansu, shi ya sa ake ganin an zagaye shuka da ƙayar magarya ko da tsohon gidan sauro.

Itatuwan da ke cikin gonakin ba dasa su aka yi ba. Tun daga wajen 1983, lokacin da wani masanin noma ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya fara jan hankalin manoman Maraɗi ga kututturan da ke tohowa, aka soma abin da ake kira sassaben zamani: maimakon a sare tohon sabara, kalgo ko gawo a ƙone, sai a zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a gyara su. Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi fice a wannan aiki har baƙi suna zuwa koyo. Gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, kuma ƙarƙashinsa hatsi ya fi kyau.

Ƙidayar noma da kiwo ta 2005 zuwa 2007 ta nuna Nijar tana da tsuntsayen gida kimanin miliyan 12, fiye da rabi kaji, kusan kashi ɗaya cikin huɗu zabi. Kazar gida tana yin ƙwai sau uku ko huɗu a shekara, goma zuwa sha biyar kowane zubi, ta yi kwanci kwana 21 ta ƙyanƙyashe. Abincinta rabi ita take nema, sai ɗan tsaki da dusa da safe, da ruwa a kasko, wanda albarkacinta ƙadangare kan sha. Ƙyanƙyasa ba ta cika ba da wahala ba. Asarar tana makonni shida na farko, lokacin da shaho da shirwa ke shawagi, muzuru da ɓera ke zagaye da dare, ƙuma kuma ke tsotse 'yan tsaki a akurkin da ba a sharewa. Matar da ta kife 'yan tsakinta a kwando da rana, ta barbaɗa toka a akurki, takan tsira da fiye da wadda ta sayi zakaran turawa ta saki.

Zabuwa kuwa halinta daban. Ba ta yin ƙwai sai da damina, amma idan ta fara kusan kullum ne, kuma ba a gida take so ta yi ba: cikin ciyawa take ɓoyewa, zabi da yawa a gurbi guda. Yaro ne ke bin sawunsu ya gano wurin, ya kwashe ya bar biyu ko uku don kada su sauya. Tun da zabuwa ba uwar kirki ba ce, sai a sa wa kaza mai kwanci ƙwan, ta ɗauki kwana 26 zuwa 28 a kansu, ta rene su kamar nata. 'Ya'yan zabi ba sa jure sanyi da raɓa. In suka bi uwa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa da sassafe, kafin azahar an fara tsintar gawa, shi ya sa ake tsare su sai rana ta ɗaga.

A wannan lokaci ne gara take da daraja. Ana samun tsohuwar tukunya a cusa mata busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta a kan hanyar gara da yamma. Washegari da sassafe, kafin zafi ya kore su ƙasa, a ɗago tukunyar a zazzage a gaban 'yan tsaki. Abinci ne mai gina jiki da ba a kashe masa ko dala ba.

Da hunturu ya kama, daga Disamba zuwa Fabrairu, sai cutar da ake kira farin kashi, wadda likitocin dabbobi suka sani da sunan Newcastle, ta shigo. Kaza takan yi tsuru da fukafukai a ƙasa, ta yi zawo, wuya ya murɗe, kuma cikin mako guda akurki kan koma wayam. Ba ta da magani. Barkono da sassaƙen maɗaci da ake jiƙawa a kasko ba sa tsayar da ita. Rigakafi ne kawai, ko allura irin ITA-New ko na ɗigawa a ido, kuma kafin sanyi ya shigo ake yi, ba bayan an fara mutuwa ba. Abin da ke yaɗa ta shi ne dabarar da kowa yake ganin wayo ce: da an ga alama sai a kwashi kajin a kai kasuwa da araha, mai saye ya kai wa garinsu. Ware sabuwar kaza mako biyu kafin a haɗa ta da na gida yana rage wannan. Murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Magarya cikin Fabrairun 2006, ta hanyar fatauci irin wannan take tafiya.

A lissafin gida, kaza canji ce. Ba a sayar da akuya don sabulu ko kuɗin magani, ba a buɗe rumbu don baƙo ɗaya. Ranar kasuwa dillalai suna tara kaji da zabi a keji, wasu su nufi Maraɗi da Yamai, wasu su tsallaka iyaka ta Jibiya zuwa Katsina, kuma farashi yakan tashi gab da salla. A watan Agusta, sa'ad da hatsin bara ya ƙare sabo bai nuna ba, kuɗin ƙwan zabi ne ke sayo tiyar gero, a haɗa da tafasa da rama a yi kwaɗo. A gefen Gidan Rumji, inda satar shanu ta tsananta tun 2019, ƙananan bisashe da tsuntsaye sun ƙara muhimmanci.

Sai dai ƙwan bai cika shiga bakin yaran gidan ba. Ko dai a sayar, ko a bar wa kaza, ko a ce yaron da ya saba da ƙwai zai yi sata, alhali a jihar Maraɗi ce tamowa ta yi ɓarna a 2005. Ma'aikatan lafiya suna ta nanata a ware wa mai goyo da yaron da aka yaye ƙwai ko da biyu ne a mako.

Da kaka ta yi, ana ɗaure gero dami-dami a zuba rumbu, harawa ta hau rufin ɗaki domin awaki. Wake, wanda a da ƙwari kan cinye kafin rani, yanzu ana ɗura shi a buhu mai ruɓi uku na PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa tare da cibiyar binciken noma ta INRAN daga 2007: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne dabam, ƙwaron ya rasa iska ya mutu. Abin da ya zube a masussuka kuwa rabon kaji ne, kuma a lokacin suke yin ƙibar da za su shiga hunturu da ita.