Asibitin Gwamnati Ya Koma Na Biya: San Haƙƙinka Kafin Ciwo Ya Zo

Duk wanda ya kai majinyaci asibitin Barau Dikko, ko na Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, ko babban asibitin Kawo, duk a Kaduna, ya san yadda abin yake. Sai an yanki kati kafin a ga likita. Gwajin jini da kuɗinsa, hoto da kuɗinsa, magani ma sai an biya.

Wannan sauyi ba yau ya fara ba. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, asibitoci sun rasa magunguna. A 1987 ministocin lafiya na Afirka suka amince a Bamako cewa majinyaci ya riƙa biya, a juya kuɗin a sake sayo magani. Tsarin ya taimaka wajen samar da magani, amma ya sa talaka kan kwanta a gida yana shan jiƙo, sai ciwo ya ci ƙarfinsa a kwaso shi ranga-ranga.

To, mene ne mafita?

Da farko, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Mai naƙuda da jini ya ɓalle mata, ko wanda ya yi hatsari, ceto ransa ne farko.

Na biyu, akwai inshorar lafiya. Jihar Kaduna ta kafa hukumar KADCHMA da dokar 2018, inda ake zuba kuɗi kamar adashi, ranar rashin lafiya a ɗauke maka mafi yawan nauyin. Dokar tarayya ta 2022 ma ta wajabta inshorar a kan kowa. Masu ƙaramin ƙarfi kuwa, dokar 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko. Je asibitin shan magani na mazaɓarku ka tambayi yadda ake rajista.

Na uku, kada ka damƙa wa kowa kuɗi a hannu, ko da ya ce zai gaggauta maka layi. Biya a wurin biya, karɓi rasit, ka adana shi. Idan an zalunce ka, kai ƙara ga shugabannin asibitin.

Magidanta, ku yi wa iyalanku rajista tun kuna da lafiya. Kada ku bari sai ranar da za a sayar da akuya ko keken ɗinki saboda kuɗin tiyata.