El-Kanemi Warriors Bayan Aliyu Zubairu: Me Ake Dubawa Kafin A Ɗauko Sabon Koci?

Duk wanda ya je Onikan a Legas ranar 29 ga watan Yuni 2024 ba zai manta ba. A filin Mobolaji Johnson, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta ci Abia Warriors 2-0 ta ɗauki kofin Federation, kofin da rabonta da shi tun 1992, shekara 32 ke nan. Abin da ya ƙara wa nasarar armashi shi ne a lokacin ƙungiyar daga ƙaramar gasa ta fito, domin ta faɗi daga Firimiyar Najeriya a 2023. Koci Aliyu Zubairu ne ya dawo da ita sama, ya kuma haɗa mata da kofi, duk a shekara ɗaya.

To, irin wannan aiki ba ya ɓuya. Hukumar NFF ta ba shi 'yan ƙasa da shekara 20, wato Flying Eagles, ya ci kofin WAFU a Togo a watan Oktoba 2024, ya zo na uku a gasar Afirka a Masar a watan Mayu 2025. A tsakiyar 2025 ya bar El-Kanemi ya kama aiki da ƙungiyar Telecom ta Masar, Maiduguri kuma ta ɗauko Kabiru Dogo. A majalisun Limanti da Shehuri da Gamboru an yi ta muhawara, kuma na san ku ma a Agege da Mile 12 da Sabon Ibadan da Fatakwal ba a bar ku a baya ba. Wasu na cewa ai da babban suna aka nemo, wasu na cewa ɗan gida ya kamata a ba. Bari mu duba yadda abin yake.

Da farko, wa ke zaɓa? El-Kanemi ta gwamnatin jihar Borno ce, kamar yadda Pillars take ta Kano, Wikki ta Bauchi, Rangers ta Inugu. Shugabannin kulob su ke tattaunawa da koci, amma kuɗin daga asusun gwamnati yake fitowa. Saboda haka ba wanda magoya baya suka fi so ake fara tambaya ba, a'a, wanda aljihun zai iya ɗauka, shi da mataimakansa da 'yan wasan da zai ce sai an sayo masa. Sai kuma takarda. Hukumar CAF tana da matakan lasisin koci, kuma wanda zai zauna a benci a matsayin babban koci a gasanninta sai yana da lasisin A ko sama da haka. Ƙungiyar da ke sa ran sake fita Afirka ba za ta ɗauki wanda ranar wasa za a ce ya hau sama ya zauna da 'yan kallo ba. Wannan kaɗai ya rage yawan mutanen da ake zaɓa a cikinsu.

Amma inda maganar take da nauyi shi ne nan: kocin kofi daban, kocin lig daban. Kofi wasa ne na kifa ɗaya ƙwala. Ka ci wasa shida ko bakwai a jere, wani ma da bugun fenareti, ka zama gwarzo. Lig kuwa ƙungiya 20 ce, wasa 38, huɗu na ƙasa su faɗi. Wata tara ana abu ɗaya, da rauni, da gajiya, da azumi, da jiran albashi. Ita kanta El-Kanemi ta ga bambancin. Wata biyu bayan murnar Onikan, Dadje ta Jamhuriyar Benin ta fitar da ita a zagayen farko na kofin Confederation, kuma wasan da ake kira na gida ma a Ikenne ta jihar Ogun aka buga shi, ba a Maiduguri ba. A lig ɗin 2024/25 ta tsira, yayin da manya irin su Heartland da Akwa United da Lobi Stars da Sunshine Stars suka gangara. Akwa United fa ita ta ci lig a 2021. Wanda bai ji tsoro da wannan ba bai san gasar ba.

Sai hanya. Mu 'ya'yan fataken shanu ba sai an gaya mana nisan Maiduguri da Kudu ba. Tirela ta tashi daga Kasuwar Shanu, ta bi Damaturu da Potiskum, kafin ta sauke a Legas ta ci fiye da kilomita 1,500, kuma kowa ya san yadda sa yake sauka bayan wannan tafiya: ƙafa ta yi tsami, jiki ya zube. Ɗan ƙwallo ma jiki ne da shi. Ba wata ƙungiya a Firimiyar Najeriya da take gefe kamar El-Kanemi. Kano da ake ganin maƙwabciya ce kusan kilomita 600 take. Ga Ibadan, ga Ikenne, ga Aba, ga Fatakwal, ga Yenagoa, ga Benin, kowanne sai an je. Don haka kocin da za a ba wannan ƙungiya dole ya san yadda ake juya 'yan wasa, wa zai huta wa zai buga, da yadda ake tsare gida a je waje a ƙwato maki ɗaya. A gasarmu cin wasa a waje abu ne mai wuya ga kowa, canjaras a Aba ya kan fi wata nasarar daɗi.

Ita ma hanyar tana da ribarta. Yadda muke shan wahalar zuwa, haka baƙi suke shan wahalar zuwa mana, su tarar da zafin Maiduguri da ke wuce digiri 40 a watan Maris da Afrilu, ga filin cike da jama'a. An san darajar wannan a shekarun da rikicin Boko Haram ya sa ƙungiyar ta koma buga wasanninta na gida a Kano da Katsina. Koci mai hankali lissafinsa daga nan yake farawa: wasa 19 na gida, kada a zubar da maki a banza.

Idan aka ɗora Kabiru Dogo a kan wannan ma'auni, za a gane dalilin zaɓensa ko da mutum bai yarda da shi ba. Ya horas da Nasarawa United, ya kai ta wasan ƙarshe na kofin Federation a 2016 inda Ifeanyi Ubah ta ci su a fenareti. Ya zauna a Akure da Sunshine Stars, ya riƙe Wikki Tourists a Bauchi, ya riƙe Kwara United a Ilori. Wato mutum ne da ya yi aiki a Arewa da Kudu, ya san filayen, ya san aiki da ƙungiyar gwamnati. Masu suka za su ce yawon ya yi yawa kuma bai taɓa cin lig ba. Gaskiya ne. Ni dai a ganina ba mai cin lig El-Kanemi take nema yanzu ba, wanda zai kafa ta a tsakiyar tebur take nema, ta daina hawa da sauka.

Masu cewa a ba ɗan gida suna da hujja, domin Borno ba ta rasa koci ba. Mohammed Baba Ganaru ɗan jihar ne, ya ci lig da Kano Pillars a 2012 da 2013, ya kuma taɓa riƙe El-Kanemi. Sai dai tarihin kulob ɗin bai nuna sai ɗan gida ba. Marigayi Shuaibu Amodu, ɗan jihar Edo, ya horas da ita a farkon shekarun 1990, zamanin da take tashe. Ɗan gida kuma yana da nasa ciwon kan: kowa a gari yana da yaron da yake so a saka.

Akwai wani abu da masu kallon ƙwallon Turai suke mantawa. A gidan kallo za ka ji ana cewa ai Klopp ya bar Liverpool a 2024, Arne Slot ya zo ya ci Firimiyar Ingila a shekararsa ta farko. E, amma Slot ya tarar da Salah da Van Dijk da Alisson suna nan. A nan gida kwantiragin yawancin 'yan wasa gajere ne, kaka na ƙarewa kowa ya kama gabansa, wasu su bi tsohon koci, sabo kuma ya zo da nasa yaran. Ɗaukar koci a Najeriya kamar sayen saniya ce da 'yar maraƙinta, ba shi kaɗai kake saye ba. Shi ya sa lokacin da aka ɗauke shi yake da muhimmanci. Wanda aka ba aiki da wuri zai zaɓi 'yan wasa ya yi atisaye da su. Wanda aka kira saura mako biyu a fara gasa, ragowar kasuwa zai tarar.

Sannan abin da ke cikin takardar yarjejeniya. Shekara nawa aka ba shi? Wa ke da ta cewa a sayen 'yan wasa, shi ko shugabanni? Me aka ce ya cimma? A ƙasar nan an saba jin an ba koci wa'adin wasa uku, ko ya ci ko ya tafi, alhali wataƙila yaransa suna bin bashin alawus. Kulob ɗin da ya yi haka zai sake zaman neman koci kafin a raba kaka, kuma mai kyau ba zai amsa kira ba, domin su ma kociyoyin suna magana a tsakaninsu, kamar yadda dillalai a kara suka san wanda ke biya da wanda ke ja.

Ku da kuke Kudu, kusan rabin wasannin El-Kanemi na waje a ƙofarku ake buga su, kuma su ne wasannin da mu a Maiduguri ba ma gani. Idan ta zo Ibadan ko Legas ko Fatakwal, ku lura da minti 20 na ƙarshe: shin yaran suna da sauran ƙarfi, shin canjin da koci ya yi ya tsare makin ko ya zubar da shi. Ku rubuto mana abin da kuka gani.