TAURARON ƊAN ADAM YA ƘIRGA ITATUWAN GONAKI

Duk wanda ya kwana waje da rani, ya ɗaga kai sama bayan isha'i, ya taɓa ganin wani ɗan haske yana tafiya tsakanin taurari. Ba ya ƙyaftawa, ba ya ƙara kamar jirgi. Shi ne ake ce ma tauraron ɗan adam. Na'ura ce da mutane suka ƙera, suka harba sama, tana zagaya duniya dare da rana. Waɗansu irinta suna ɗaukar hoton ƙasa. Manomi zai ce: to, mene ne haɗin wannan da gonar hatsi? Haɗin yana da yawa.

Akwai wani irinsa na ƙasar Amurka mai suna Landsat. An harba na farko a 1972. Na yanzu suna shawagi wajen kilomita 700 bisa ƙasa, wato ya ɗan fi nisan Maraɗi zuwa Yamai. Kowane ɗayansu yana komowa bisa wuri guda bayan kwana 16, ya sake ɗaukar hoto. Hotunan ana adana su. In an ajiye na bana kusa da na shekara 30 da suka wuce, sai a ga inda daji ya ƙare, inda tabki ya ƙafe, inda rairayi ya ci gona. Tun 2008 ana ba kowa hotunan nan kyauta.

Abin da kowa ya yi tsammani

Bayan farin 1973 da na 1984, labarin Nijar a bakin duniya ɗaya ne: hamada tana ci gaba, itatuwa sun ƙare. Kuma akwai gaskiya a ciki. Dattawa ba su manta da yunwar 1984 ba, wadda mutane suka sa ma suna El-Buhari. Gonaki sun zama fili fetal. Iska tana tashi da rairayi ta binne shuka, sai manomi ya shuka sau biyu, sau uku. Mata suna yin rabin yini wajen neman iccen tuwo, in babu su ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama takin gona.

An yi dashe da yawa a lokacin. Tun 1975 ranar 3 ga watan Agusta ta zama sallar dashen itatuwa. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taro a Maraɗi a kan yaƙi da hamada. Amma iccen dashe yana da wuyar sha'ani. Yana son ban ruwa da shinge, ga awaki, ga gara. Da yawa ba su kai rani na biyu ba.

Sai wajen 2004 waɗansu masana suka komo yawon ƙauyuka. Cikinsu akwai Gray Tappan, mai aikin hotunan sama daga Amurka, da Chris Reij daga Holan, da ɗan ƙasa Dokta Mahamane Larwanou, masanin daji. Sun ga itatuwa birjik cikin gonaki inda ba su yi zato ba. Suka ɗauko hotunan jirgin sama na 1975, suka gwada da sababbin hotuna. A Galma, cikin ƙasar Madawa, hoton 1975 ya nuna gari da gonaki kusan babu icce. Hoton 2003 ya nuna ɗigo-ɗigo baƙaƙe ko'ina, kuma kowane ɗigo icce ne. Ga shi mutanen garin sun ƙaru ƙwarai. A Magarya, Matamaye da Mirya ma haka, gawo ya cika wajen hekta miliyan 1.

Da suka haɗa lissafi, sai suka samu gonakin da itatuwa suka komo ciki sun kai hekta miliyan 5, da icce wajen miliyan 200. Hekta ɗaya ita ce fili mai mita 100 a tsawo, mita 100 a faɗi. Mai karatu ya ɗauki alli ya raba 200 gida 5, zai samu 40. Wato icce 40 ke nan a kowace hekta, in an daidaita. Masanan sun kuma kimanta cewa itatuwan suna ƙara hatsi da dawa wajen tan 500.000 a shekara.

Waɗansu sun ce ai ruwan sama ne ya gyaru, shi ya sa. Hoto ya ba su amsa. A bakin iyaka, inda ruwa ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce, an ga wuraren da gonakin Nijar suka fi na tsallaken Nijeriya icce nesa ba kusa ba. Hadari bai san iyaka ba. Hannun manomi ne ya raba su. Gani ya kori ji.

Wa ya yi wannan aiki?

Itatuwan nan ba dasa su aka yi ba. Sassaben zamani ne ya kawo su. Da can, in manomi zai yi sassabe, yana kwashe kome ne, ya tara ya ƙona. Gona mai tsabta ita ce ta mutumin kirki. A 1983 wani ɗan ƙasar Ostareliya mai aiki a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƴan tsirran da ake sarewa kowace shekara ba ciyawa ba ce. Tohon kututture ne. Iccen da aka sare tuntuni yana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, da saiwarsa mai zurfi. Abin da yake so kawai a bar shi ya tashi.

A 1984 aka ba da abinci ga waɗanda suka yarda su bar tohon a gonakinsu. Da abinci ya ƙare, da yawa suka sake sarewa. Waɗansu kaɗan suka bari, ana yi musu dariya, ana ce musu masu ƙazamar gona. Bayan shekara biyu, uku, sai ga su da iccen girki, da azara, da ganyen dabbobi, kuma iska ba ta binne musu shuka. Daga nan maƙwabta suka fara koyi. Mutanen Ɗan Saga, cikin ƙasar Agiye, har kwamitin tsaro suka kafa, maza da mata da makiyaya, don kama ɓarayin icce. A Damagaram kuwa abin ya tarar da tsohuwar al'ada, don sarakunan da sun hana saran gawo da hukunci mai tsanani.

Yadda ake yi ba shi da wuya. In an zo sassabe, a duba kututturen sabara, kalgo, magarya, aduwa ko gawo. A zaɓi rassa masu ƙarfi, miƙaƙƙu, daga 1 zuwa 5, a sare sauran. A sassaƙe ƙananan rassa na gefe har wajen rabin tsawon. Gatari ko adda su zama masu kaifi, kuma a yi saran daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya ɗaye. A ɗaura tsumma don kowa ya san da mai shi. Bayan ƴan watanni a komo a sake gyarawa.

Gawo ya fi kowane dacewa da hatsi. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka inuwarsa ba ta danne shuka. Da rani ya yi ganye, ya yi ƴaƴa, shanu su taru ƙarƙashinsa su bar taki. Saiwarsa ma tana ƙara ma ƙasa ƙarfi. Kowane manomi ya san zangarniyar gindin gawo.

Doka ita ma ta gyaru. A da icce na gwamnati ne, manomi ya sare reshe a gonarsa ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Wa zai yi renon abin da zai jawo masa tara? An sake dokar daji a 2004. A watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da wata doka wadda ta amince cewa iccen da manomi ya rena a gonarsa, amfaninsa nasa ne. Hotunan sama sun taimaka a nan, don sun nuna ma hukuma da baƙi girman abin da talakawa suka yi da gatari kawai.

A 2023 an yi wata ƙidaya da ta fi wannan. An ba kwamfuta hotuna sama da 300.000, aka koya mata yadda kan icce da inuwarsa suke. Ta ƙirga itatuwan busassun ƙasashe tun daga bakin tekun Senegal har Bahar Maliya, ɗaya bayan ɗaya. Ta samu kusan miliyar 10. Duniya ta damu da wannan ƙidaya ne saboda hayaƙin motoci da masana'antu ya taru a sama, yana ƙara zafi, yana rikita damina. Icce kuwa yana shan wannan gurɓatacciyar iska, ya maida ta jikinsa.

Labarin ruwa

Akwai wani tauraron, Meteosat, na ƙasashen Turai. Shi yana can kilomita 36.000, yana kallon Afirka kullum, yana aiko hoton gajimare kowane minti 15 ko ƙasa da haka. Yana auna sanyin kan hadari. Hadarin da ya yi tsawo ƙwarai kansa ya fi sanyi, kuma shi ne mai ruwa da yawa. Da yake hadari daga gabas yake tasowa, in an gan shi bisa Difa ana iya faɗa ma Damagaram da Maraɗi su shirya.

Cibiyar AGRHYMET da ke Yamai, wadda ƙasashen Sahel suka kafa a 1974, tana karanta irin hotunan nan. Tun 1998 masana suna taruwa kafin damina su faɗi yadda suke ganin za ta kasance: da wuri ko a makare, ruwa da yawa ko kaɗan. Hasashe ne, ba alkawari ba ne. Sanin gaibu sai Allah. Suna magana ne a kan yanki, ba su iya cewa gonar wane za ta samu ruwa ran Talata. Amma wanda ya ji damina za ta yi gajarta yana iya neman iri mai saurin nuna. Masana aikin gona suna ba da shawara a jira ruwan da ya kai milimita 20 cikin kwana 3 kafin a shuka. Garin da ke da ma'aunin ruwa, da mutum ɗaya wanda ya iya karanta lamba ya rubuta a littafi, ya rage asarar iri.

Fara ma ana tsaron ta haka. Wanda ya ga farar 2004 da yunwar 2005 ya san ɓarnarta. Tana haihuwa ne a hamada, wajen Tamasna da Abzin, inda ruwa ya sauka ciyawa ta fito. Hoto yana nuna wurin da ya yi kore. Ma'aikata su nufi can kai tsaye, su duba, su aika labari da ƙaramar na'ura. In an kashe ta tana ƙarama, magani kaɗan ya isa, ba sai an feshe gonaki da makiyaya da guba ba.

Labari ba shi da amfani in ya tsaya a ofis. Radiyo ne ke kai shi ƙauye. A 1999 aka buɗe radiyon karkara a Bankilare mai aiki da hasken rana, yana faɗin labarin ruwa cikin harshen mutane. Bayansa irinsa sun yawaita. Salula kuwa ta shigo a 2001. A 2009 da 2010, cikin jihohin Doso da Damagaram, an koya ma waɗansu ɗaliban yaƙi da jahilci rubuta saƙo da salula. Da aka yi jarrabawa, sun fi waɗanda ba a koya ma ba iya karatu da lissafi, don kullum suna da abin da za su rubuta.

Rana da batir

Duk kayan nan wuta suke ci. A ƙauye wutar daga rana take fitowa, ta allon nan da ake ce ma sola. Nijar ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya shugabanci ma'aikatar binciken hasken rana ta ƙasa, ONERSOL, shekara da shekaru. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. An buɗe tashar wutar rana a Malbaza a 2018, da wata babba a Goru Banda kusa da Yamai a 2023. Wani ɗan ƙasa kuma, Abdou Maman Kané, ya ƙera dabarar da mai garka zai kunna injin ban ruwa na sola, ya kashe shi, da salularsa, ko yana kasuwa. Ya samu babbar kyauta ta duniya a kan ruwa a 2015.

Injin sola ba ya shan esansi ko gazuwal, ba ya hayaƙi. Amma a nan akwai tarko. Mai injin esansi yana kashewa da wuri don kuɗi suna ƙonewa. Mai sola yana iya barin ruwa ya yi ta zuba har faɗuwar rana. In kowa ya yi haka, rijiyoyin fadama za su yi zurfi, na talaka su fara ƙafewa.

Sai maganar tsohon batir. Babban batir na sola ko na mota yana da dalma a ciki, da ruwa mai ƙuna. Dalma guba ce, ta fi cutar yara ƙanana, tana taɓa ƙwaƙwalwa. A wata unguwa ta Caroy, kusa da Dakar, inda ake fasa tsofaffin batura ana fitar da dalma, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Saboda haka kada a fasa batir a tsakar gida, kada a narka dalmarsa inda ake girki, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya. Ƙananan batura na tocila da na salula ma kada a jefa su cikin wuta ko cikin jujin da za a kai gona. A tara su cikin gwangwani mai murfi, a ajiye inda yara da awaki ba su kaiwa. Babba kuwa a maida shi rufe, yadda yake, wurin mai saida sabo.