Dillalan Inshora da Kamun Ƙafa a Majalisa: Ina Ruwan Mutumin Basawa?

Duk mai mota ko babur ko a-daidaita-sahu da ke bin titin Basawa zuwa Samaru ko kasuwar Sabon Gari, doka ta wajabta masa riƙe takardar inshora a cikin takardun abin hawansa. Tun daga 1 ga Janairun 2023 kuɗin wannan takarda ga ƙananan motoci na gida ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar da za a iya biyan wanda aka lalata wa dukiya kuma ta tashi daga naira miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. A Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa wa direbobi lamba a kanta a faɗin ƙasa. Yawancinmu mun biya ne kawai don kada a tare mu a hanya, ba mu san wa ya yanke farashin ba, balle waɗanda aka yi shawara da su.

Tsakanin mai sayen inshora da kamfani akwai mutum biyu da ake yawan rikitawa. Na farko shi ne wakilin kamfani, wato ejan, wanda ke tallar hajar kamfanin da ya ɗauke shi. Na biyu shi ne dillali mai zaman kansa. Shi a ƙa'ida mutumin mai saye ne: zai duba kamfanoni daban-daban, ya zaɓo maka wanda ya dace da buƙatarka, ya yi ciniki a madadinka, in asara ta auku kuma ya bi maka kadin diyyarka. Wanda ya taɓa sayen sa a kara ya san bambancin dillalin da ya tsaya masa da yaron mai dabba. Abin lura shi ne, duk da cewa kai dillalin yake yi wa aiki, kamashonsa daga kamfanin yake fitowa. Wannan ne ya sa doka ta shiga tsakani.

Dillalan Najeriya sun kafa ƙungiyarsu tun 1962, kuma a 2003 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi mata doka ta musamman, aka san ta da NCRIB, mai hedikwata a Legas. Ejan-ejan suna da tasu ƙungiyar, ARIAN, kamfanoni kuma suna da NIA. A samansu duka akwai hukumar NAICOM da aka kafa a 1997, wadda ke ba da lasisi, ta sa ido, ta kuma hukunta mai laifi. Ɗaya daga cikin manyan ayyukan waɗannan ƙungiyoyi shi ne kamun ƙafa: su rubuta matsayarsu, su halarci zaman sauraron ra'ayoyin jama'a a majalisa, su zauna da hukuma kafin ta fitar da sabuwar ƙa'ida. Haka ake yi ko'ina. A Amurka ƙungiyar ejan-ejan masu zaman kansu ta samo asali tun 1896, kuma har yau tana bibiyar majalisun ƙasar.

Me ake jayayya a kansa? Kuɗi da amana. Dokar inshora ta 2003 ta ƙayyade kamashon inshorar mota kada ya wuce kashi 12.5 cikin ɗari na abin da aka biya. Ta ba dillali kwana 30 ya miƙa wa kamfani kuɗin da ya karɓa. Ta kuma ce kuɗin da ya shiga hannun dillali, a idon doka, ya shiga hannun kamfani ne. Wannan jimla ɗaya kariya ce babba ga ɗan kasuwar da ya biya kuɗinsa, gobara ta cinye masa shago, sannan kamfani ya so ya ce bai ga ko kwabo ba. Daga Janairun 2013 kuma NAICOM ta fara aiwatar da ƙa'idar nan ta cewa in ba a biya kuɗi ba, babu kariya, abin da ya kawo ƙarshen sayar da inshora bashi.

Ƙarfin muryar dillalai ya fito fili a ƙarshen 2018, lokacin da NAICOM ta fito da tsarin ba hukumomin gwamnatocin jihohi lasisin shiga tsakani a harkar inshora. Dillalai suka ce wannan zai ƙwace musu sana'a ya danƙa ta ga ofisoshin gwamnati. Suka yi tsayin daka, hukumar ta janye tsarin. A 2025 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar garambawul ga harkar inshora, wadda ta maye gurbin ta 2003. Ta ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanin inshorar rai zuwa naira biliyan 10, na sauran kadarori zuwa biliyan 15, ta kuma tanadi asusun kare masu saye idan kamfani ya durƙushe. Ƙungiyoyin sana'ar sun faɗi albarkacin bakinsu tun ƙudirin yana majalisa.

A nan ya kamata mai karatu ya yi hattara. Sau da yawa abin da dillalai ke nema yana yi wa talaka amfani, kamar korar masu buga takardun bogi da tilasta wa kamfanoni biyan diyya a kan lokaci. Amma ƙungiyar sana'a 'ya'yanta take karewa da farko. In ana batun kamasho, ko batun barin bankuna da kamfanonin waya su sayar da inshora kai tsaye, muradin dillali da na mai saye ba lallai su zo ɗaya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a irin wannan zama kowa yoyon ɗakinsa yake nunawa.

Mu kuwa namu buƙatun sanannu ne. Manomin masara a Bomo yana buƙatar inshorar gona da zai fahimci sharuɗɗanta da Hausa. Mutane da yawa sun guji inshora saboda shakkar riba da caca, alhali NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki da tsarin taimakekeniya da ya dace da Shari'a. Sai dai yawancin ofisoshin dillalai suna Legas da Abuja, nesa da mai shagon tireda a Hayin Dogo. Yankin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da Cibiyar Fasahar Sufuri ta Ƙasa bai rasa masu ilimin da za su rubuta waɗannan buƙatu su kai inda ya dace ba.

Tsarin mulkin ƙasa ya sa inshora cikin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka. Saboda haka ƙungiyoyin direbobi, 'yan kasuwa da manoma su nufi ɗan majalisar wakilai na Sabon Gari da sanatan Kaduna ta Arewa da ƙorafinsu a rubuce. Shi kuma mutum ɗaya, kafin ya miƙa kuɗi, ya tambayi mai sayar masa: “Malam, kai ejan ne ko dillali, kuma ina lasisinka?” Ya karɓi rasit, ya duba lambar motarsa a rumbun bayanai na NIID don tabbatar da takardar ta gaskiya ce. In kamfani ya ƙi biyan diyya, NAICOM tana da sashen karɓar koke, kuma kai ƙara can haƙƙinsa ne.